Wai 'Ya'yansa Ne Fanshonsa

To masu karatu, na san halinku. Tun ban gama buɗe baki ba wani ya gyara zaman hula yana cewa, "Talaucin tsofaffi kuma? Ai wannan ciwon Turawa ne. Mu nan tsoho ba ya wulaƙanta, 'ya'yansa ne fanshonsa." Madalla, Alhaji, Allah ya ƙara zumunci. Amma dattawan nan da ke jere a ƙofar masallacin Juma'a da ƙoƙo a hannu, daga Landan aka yo odarsu?

'Ya'yan suna nan, ba a ce sun gudu ba. Ɗan yana jan a-daidaita-sahu, kullum sai ya kai balas, ga baki bakwai a gida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da yake kai wa tsohuwa ya koma gaisuwa da "Inna, a sa mu a addu'a." Tana kuwa sa shi, da yunwarta. Wannan mai ɗa ke nan. Wadda ba ta haihu ba fa, ko wadda ta binne nata duka? Ita ce idan ta rame, ta fara magana ita kaɗai, sai unguwa ta ce a kama yara, mayya ce.

Ga wani can da biro a aljihu: "Ai akwai dokar fansho." Akwai, Malam, tun 2004, an ma sake ta a 2014. Ta masu albashi ce. Manomin da ya yi shekara hamsin yana duƙe da fartanya, da mai ƙosai, da mai saƙar tabarma, ba su da layi a ciki. A 2019 an buɗe ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, sai dai tari ne, kai za ka riƙa zubawa. Je ka ce wa 'yar shekara saba'in ta fara tari yau, ka ji amsar da za ka samu. Cibiyar kula da dattawa ta ƙasa kuwa tana Abuja tun 2021. Tambayi gwaggonka a ƙauye ko ta taɓa jin labarinta.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai cewa, "In ka ba tsohuwa kuɗi, goro za ta saya, sauran jikoki su cinye." Su cinye mana! A Afirka ta Kudu, inda gwamnati ke biyan tsofaffi marasa ƙarfi duk wata, masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta bi diddigin kuɗin, ta tarar 'yan matan da ke zaune da kakarsu mai karɓar fansho sun fi tsawo da ƙiba. Kakanni maza kuwa, ku yi haƙuri, ba a ga wannan albarka a hannunku ba. Kada kuma a ce sai ƙasa mai arziki. Lesotho, 'yar mitsitsiyar ƙasa, tana biyan 'yan shekara 70 tun 2004. Zanzibar ta bi sahu a 2016. A gida ma Ekiti ta fara ba 'yan shekara 65 naira 5,000 duk wata a 2011.

Mu da muke da zakka, har da hukumominta a Kano da Sakkwato, mu ne ya kamata mu fi kowa. Amma me ake yi? Azumi ya kama, attajiri ya tara jama'a a rana, matasa su ture tsofaffi, mai kyamara ya ɗauka. Sauran wata goma sha ɗaya ciki hutu yake tafiya? Liman da mai unguwa sun san kowace tsohuwa da ba a hura wuta a gidanta. Su rubuta sunaye, a kai mata har ɗaki duk wata, ko kwano biyu ne na gero da maganin hawan jini. Wadda yana ta rufe wa ido a kai ta asibiti a cire, gobe ka gan ta ta koma kan tallan daddawarta.

Ku kuma jikoki masu shigowa da "ina amaryata, ina uwargidana," mun ji, mun shaida auren. Sai a ajiye kuɗin cefane kafin a fita, ango.