Bakano, Gurnanin Naku Ma Na Aro Ne

Malam Bakano, ɗan birni, gaisuwa daga Mirriya. Saƙonka ya iso, kuma na saurare shi har ƙarshe, jarumtar da na tabbata kai da ka turo ba ka yi ba. Wai ƙanenka ya tara samari za su fara kiɗan da Turawa ke kira brutal death metal, wai abu ne sabo fil, wai Kanawa kun sake riga kowa. Da na kunna, maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko injin niƙa ne ya haɗiye dutse.

Tunda kai sayar da abu ka iya, ba sanin asalinsa ba, zauna in karanta maka. Ana sassauta tsirkiyar gita har sautinta ya yi ƙasa ya yi kauri. Mai ganga yana duka da hannu biyu, ƙafafunsa biyu kuma suna ta taka feda ba numfashi. Mawaƙin ba rerawa yake ba, gurnani yake daga can cikin maƙogwaro, ko uwar da ta haife shi ba za ta tsinci kalma ɗaya ba. A Amurka aka raini kiɗan death metal tun shekarun 1980, musamman a garin Tampa na jihar Florida. Reshensa mafi tsanani, wanda ƙanenka ya ɗauko, ƙungiyar Suffocation ta New York ce ta kafa masa turaku da faifanta na 1991, kuma mai gitarta Terrance Hobbs da mai gangarta Mike Smith duk baƙaƙen fata ne. Ka lissafa da kanka. Sabon abin naku ya girmi ƙanen naka.

Abin dariyar, ƙorafin da ma'abota kiɗan suke yi a junansu bai wuce wannan ba: kowa ya zama Suffocation. Gasar tasu ta wa ya fi sauri ce, wa ya fi zurfin gurnani, wa ya fi munin hoton bangon faifai, wa ya fi rubuta sunan ƙungiyarsa yadda ba mai iya karantawa. To maƙogwaron ɗan Adam yana da iyaka, ƙafa ma haka. Idan kowa ya kai bango, sai a jeru a jikinsa, ba ka bambance na Texas da na Rasha. Waɗanda ake tunawa su ne waɗanda suka shigo da wani abu daga gida. A Bandung ta Indonesiya, ƙungiyar Jasad ta cusa harshen Sunda da al'adun kakanninta cikin gurnanin. A Ghanzi ta Botswana, ƙasar makiyaya, akwai Overthrust. Su kam a kunnena kiɗansu na Florida ne tsantsa, amma dubi masoyansu cikin baƙaƙen tufafin fata daga sama har ƙasa da malafar kaboyi, a garin da kiwon shanu sana'a ce ba wasan sinima ba. Ko ba a faɗa maka ba ka san ba Amurka kake ba.

Na san abin da za ka ce: Bakano ba ya kwaikwayo. Subhanallahi! Kirarinku dai ko da me ka zo an fi ka, amma da za a yi adalci sai a ƙara cewa ko da me ka zo, kafin la'asar an buga irinsa a Kwari. Tun da gidajen sinima na Kwarori suka fara haska finafinan Indiya a shekarun 1950 kuka kamu, har yau ba ku warke ba. Masu bege da bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai, har aka yi ƙungiya mai suna Ushaƙu Indiya. Da finafinan bidiyo suka kankama bayan 1990, sai ga saurayi da budurwa suna zagaya bishiya, fiyanon Yamaha yana kuka a baya. Da kuka gaji da kwaikwayon Ba'indiye, sai kuka ɗauko shi ɗungurungum kuka sa masa Hausar Kano a baki.

Amma ka ga, a nan zan ba ku haƙƙinku, ko da yake yana yi mini ciwo. Aron naku ya narke. Yau ba wanda zai ji waƙar nanaye ya ce daga Mumbai take. Har ta kai wasu na aro a wurinku. Mdou Moctar, Buzun nan namu mai kaɗa gita da hagu, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da muryar nan ta inji irin ta waƙoƙin finafinanku. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara. A 2015 ya fito a wani fim da aka gina kan fim ɗin Prince na Amurka, ba ɓoye-ɓoye. Yau Turawa na kwatanta shi da Jimi Hendrix, amma da ya taɓa tsirkiya ka san takamba da tende ne a ƙarƙashi.

Mu nan ba ma jin kunyar koyi. Ka zo kasuwarmu ta Lahadi ka ga tukwanen Mirriya da ake ɗiba zuwa Zinder da gaba da ita. Yarinya takan yi shekaru tana gina tulu irin na uwarta sak, ba ƙari ba ragi, kafin hannunta ya fara faɗin nasa. Siffar ta gado ce, yumɓun na ƙasarmu ne, kuma tsohuwar da ta san kaya za ta ɗaga tulu ta faɗa maka gidan da ya fito. Haka marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker a nan jiharmu, ya tafi bakin Tafkin Chadi a 2002 ya durƙusa gaban dattijon Buduma ya koyi biram, abin kiɗan nan mai tsirkiya biyar da ya yi kama da kwalekwale. A lokacin ya riga ya yi suna da gurumi, amma ya koma ɗalibi yana bin hannun malaminsa daki-daki. Da ya tsaya neman wai sai ya ƙirƙiro nasa, da biram ya bi tsohon kabari. Shi ya zagaya da shi Turai kafin rasuwarsa a 2018.

Kai, ko igwa ma aro muka yi. Ba a Damagaram aka ƙago ta ba, amma a zamanin Sarki Tanimu maƙeran Zinder suka zuba tasu, aka haɗa albarushi a gida. Sauran labarin ka tambayi mutanen Gezawa, su suka karɓi baƙuncin rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a zamanin Sarkinku Alu. Kada ka ce mu 'yan Mirriya ma Zinder ta taɓa murƙushe mu, wannan maganar cikin gida ce, ba ruwan Bakano.

Saboda haka ka gaya wa yaron, in dai tsanani yake so, me ya kai shi New York? Ya je gidan dambe ya ji yadda ɗan dambe ke tsaga kirari har jijiyar wuya ta miƙe. Ya tsaya kusa da 'yan tauri lokacin da kiɗa ya hau kansu suna karya wuƙaƙe. Ya saurari kalangun mahauta in ya yi zafi, ya ji yadda kakaki ke girgiza ƙirji ranar hawan Sallah. Ya ɗora gitarsa a kan wannan, ya yi gurnanin da Hausa, tunda dai ba mai ganewa balle hukumar tace waƙoƙinku ta kira shi. Abin da ka turo mini kuwa, har tarin da Baturen ya yi a tsakiyar waƙa sai da yaron ya kwaikwaya.

In yana son darasi, ka sa shi a mota ta Daura da Magarya, mu kai shi fada ya ji tambura. Masauki da fura kyauta ne. Kuɗin karatu dai da sefa za ku biya, don wannan nairar taku ko mai ƙosai ta daina karɓa.