Mas'alar Gwajin Agogo a Kantin Kayan Ado

Idan aka tsinke tattasai a gonakin bakin Komadugu, aka shanya shi har ya yi jawur, aka ɗura a buhuna, fatake suka kwashe, ko kuwa mutumin N'Guelbély ya koro bijiminsa kasuwa ya rabu da shi da daraja, to, akwai wata larura da ke kama magidanta a Diffa, wadda likita bai san maganinta ba, ita ce ƙaiƙayin wuyan hannun hagu. Mai wannan larura ba ya samun natsuwa sai ya tsaya gaban akwatin gilashin mai sayar da kayan ado, inda sarƙoƙi da zobba da awarwaro suke jere, ya yi kamar ƴan kunne ya zo duba wa uwargida, alhali kuwa tun daga bakin ƙofa idonsa na kan agogo.

Gwajin nan yana da ladubba, kuma jama'a sun kiyaye su fiye da yadda suka kiyaye mustahabban alwala. Da fari mutum zai naɗe hannun babbar riga bisa kafaɗa, ya miƙa hannu cikin ƙasaita, mai kanti ya ɗaura masa yana cewa, "Ranka ya daɗe, Alhaji, wannan ai don hannunka aka ƙera shi," ko da Alhajin bai taɓa wuce Zinder ba ta fuskar yamma, bai kuma wuce N'Guigmi ba ta fuskar gabas. Sa'an nan ya kara agogon a kunne, ya girgiza, ya auna nauyinsa, domin a mazhabar masu gwaji nauyi shi ne hujjar asali, ya yi gyaran murya, ya gyara hular da ba ta karkace ba, don dai hannun ya sami dalilin tashi sama. Daga nan sai ya miƙa wa yaron kanti wayarsa a ɗauke shi hoto, ya dafe haɓa kamar mai nazarin wata mas'ala mai wuya ta rabon gado.

Sunan da aka fi nema shi ne Rolex, kamfanin da Hans Wilsdorf ya assasa a Landan a 1905, daga baya ya ƙaura da shi Janeba ta ƙasar Suwizalan, wanda kuma na gaskiyarsa, ko mafi arha, kuɗinsa miliyoyin sefa ne. Amma na akwatin gilashin nan, cikin ikon Allah, ana iya sallama shi a jaka talatin, mai kanti kuma ya rantse daga Dubai ya zo, wannan rantsuwa kuwa mai yiwuwa ba ta da kaffara, tun da dai bai ce a ina aka haife shi ba. Dattawa sun fi karkata ga Rado da Seiko, irin tsarabar alhazan da. Shi kuwa ɗan baƙin Casio na roba, wanda ya fito a 1989, wanda ba ya ƙarya ko da ya kwana cikin ƙurar hunturu, ba mai gwada shi, saboda aibinsa ɗaya: lokaci kawai yake faɗa.

Wani lokaci tsoron Allah yakan taso wa mai gwaji, ya tuna malamai sun haramta wa namiji ado da zinariya, sai mai kanti, wanda ɗazu ya rantse zinariya ce tsantsa, ya rikiɗe ya zama mufti nan take, ya ba da fatawa cewa ruwanta ne kawai aka shafa, ba komi. Ciniki kuwa sai an tambayi kuɗin da naira, a juya shi zuwa sefa, a sake juya shi zuwa buhunan tattasai, har lissafi ya rikice wa kowa, sa'an nan Alhaji ya kwance agogon cikin nadama, ya ce bari ya yi istihara. Kafin magariba hoton ya riga ya zaga WhatsApp, ƴan uwa na ta sa albarka.

Ni dai abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wanda ya saya ɗin. Kakanninmu da inuwa suke gane zawali, ba su kuma makara sallar azahar ba. Mu kuwa mun ɗaura minti da daƙiƙa a hannu, amma kowane taro namu yana da lokacin muhtari, wanda aka rubuta a katin gayyata, da lokacin laruri, wanda babban baƙo zai iso. An ce ɗaurin aure ƙarfe tara, mai agogo ya iso rana ta take tsaka, an shafa fatiha, an raba goro da dabino, ana naɗe tabarmi. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Ɗana, ƙarfe nawa a wurinka?" Ya ɗaga hannu a hankali yadda kowa zai gani, ya ƙura wa agogon ido, sa'an nan ya sa ɗaya hannun a aljihu ya zaro waya, domin agogon har yanzu yana kan lokacin Dubai, awa uku gaba da na Nijar, kuma duk da wannan rata da aka ba shi kyauta, makara ya yi.