Tsintsiyar da Ake Yi wa Shara

In aka ce mutum yana tara shanu, sai ka ce Allah ya ƙara albarka. In filaye ne, ka ce ya iya lissafi. To a Ingila da Amurka akwai bayin Allah da tsofaffin injinan shara suke tarawa, irin masu zuƙe ƙura daga kafet. Wani ɗan Ingila, James Brown, ya shiga kundin bajinta na Guinness da guda 322, har ya buɗe musu gidan tarihi. A jihar Missouri ta Amurka ma an buɗe irinsa a 2009. Mutum da hankalinsa zai ƙona mai, ya ɗebi iyali, a tafi gaishe da tsintsiyar lantarki.

Abin kuwa ya samo asali. A 1901 injiniya Hubert Cecil Booth ya ƙera wani ƙaton inji a Landan, mai aiki da mai, doki ne ma ke jansa. A ƙofar gida ake ajiye shi, a zura mesa ta taga, unguwa ta ɗauki ƙara. Matan attajirai har liyafar shayi suke haɗawa don ƙawaye su zo su ga yadda ake zuƙe dattin gidansu. Ka ji fa, a gayyaci mutane kallon ƙazantar da aka shekara ana ɓoyewa. Ƙaramin da ake turawa da hannu kuma, wani mai shara ne a garin Canton na jihar Ohio, James Spangler, ya haɗa shi a 1907 da fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, saboda ƙura na tayar masa da asma. A 1908 William Hoover, mai sana'ar kayan fata, ya sayi haƙƙin ƙirar. Mai tari ya yi wahala, sunan mai kuɗi ya hau jikin injin.

Amma je ka ga mai tarawa ran Asabar da safe. Ya shimfiɗa tawul a tebur, ya kwantar da Hoover Constellation, wannan mai kama da ƙwallo na shekarun 1950 da ke shawagi a kan iskar da yake fitarwa. Ya kwance shi, ya ɗiga mai, ya duba waya ko ta tsage, ya kasa kunne yana sauraron ƙugin injin, fuska a murtuke. In bel ɗin wani injin ya tsinke, gidan ba zaman lafiya, don kamfani ya daɗe da daina yin irinsa. Jakar ƙura ta takarda wadda ba a taɓa buɗewa ba, ita ce dukiya, tana can cikin leda a saman durowa. In na Amurka ne aka kawo Ingila, sai an saya masa taransifoma, domin wutar ba ɗaya ba ce. Daga ƙarshe ya ɗauko tsumma mai laushi ya goge masa ƙura. Injin share ƙura ake share wa ƙura!

Shinkafa ta zube a falo? Kada wanda ya kuskura ya taɓa injinan nan. Gida cike da injinan shara, uwargida na durƙushe da buroshi da abin kwashe shara. Maƙwabci kuwa gara ya nemi aron mota da ya ce a ba shi ɗaya.

Na san mai karatu ya fara cewa Turawa dai ba su rasa abin yi. A yi a hankali. Leƙa ɗakin amarya ka ga jere: tangaran da samiru reras cikin kabet, ana wanke su, ana goge su, ba su taɓa ganin tuwo ba, baƙo kuwa a tsohon kwanon roba ake zuba masa. Iyaye sun ci bashi an sayo, aikinsu kawai a gani a yaba.

Don haka duk wanda ya gama yi wa mai injinan shara dariya, ya taimaka ya buɗe kabet ɗin nan yau, a zuba mana miya a tangaran ko sau ɗaya ne.