Ranar da Kawu Ya Naɗa Ni Alƙalin Ƙafa

Kawuna ya daɗe a jihar Ohayo ta Amurka yana tuƙin babbar mota, kuma yana da hali guda: ba ya gabatar da ɗan'uwansa yadda Allah ya yi shi, sai ya ƙara masa muƙami. Ni dai iyakar tarihina a ƙwallo, na taɓa tsaron gida a ƙungiyar unguwarmu a Kano, sannan ba na fashin kallon Pillars. Amma da na je masa ziyara ya kai ni gaida maƙwabcinsa, wani dattijo tsohon ma'aikacin gidan waya, sai na ji yana cewa wai ni babban koci ne daga Afirka, da ido kawai nake auna ƙafar ɗan wasa.

Dattijo kuwa abin nema ya samu. A watan Afrilu aka ɗauki ɗansa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, gasar nan ta Amurkawa da ake rungumar ƙwallo a sheƙa da gudu ƙarti na bin mutum. Ƙungiyoyi 32 ne, suna zaɓen 'yan jami'a zagaye 7. Can wajen ƙarshe sunan yaron ya fito, kuma aikinsa ɗaya tal, bugu da ƙafa. Uban ya kasa barci, don zaɓe ba shi ne samun aiki ba. Ya ba mu labarin Roberto Aguayo, wanda Tampa Bay ta yi rawar jiki ta ɗauka tun a zagaye na biyu a 2016. Bugu 22 ya ci cikin 31, kafin a shiga kaka ta gaba an sallame shi. Justin Tucker kuwa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2012, sai ga shi a Baltimore ya zama abin kwatance, har ya zura ta daga yadi 66 a 2021. Wato masu kuɗi da na'urori ma laluben duhu suke yi. Shi ne yanzu aka dawo kaina.

Washegari Kawu ya sa na saka kaftani da hula, wai don kwarjini, ya miƙo mini usur da ɗan littafin rubutu. Muka nufi filin wata makarantar sakandare. Ina isa na wuce kai tsaye wajen turaku kamar yadda na saba, sai na tarar da sandar tsakiya can sama da kaina, ƙafa 10 daga ƙasa, wasu dogayen ƙarafa biyu sun miƙe sama daga gefe da gefenta.

Na ce, "Kawu, ina ragar?"

Ya matso ya rage murya. "Kai ɗan nan, rufa mana asiri. Ta sama ake bugawa, kuma babu gola."

Ashe abin da a garinmu ake zagin ɗan wasa a kai, wato ya ɗaga ƙwallo ta haye sanda, shi ne nan ake ba wa maki 3. Na ciro littafi na ɗaure fuska.

Yaron ya kafa ƙwallon nan mai tsini biyu a jikin wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, ya ja baya taku uku, ya goce gefe taku biyu, ya saki numfashi. Tim! Ƙwallo ta tafi ta daki turken hagu. Ya sake, ta sake dakar turken. Na rubuta "babu saiti" da manyan baƙaƙe, na nuna wa Kawu, shi kuma ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Yaron ya yi murmushi cikin ladabi, ya ce ai turken yake nema. A filin sakandare faɗin tsakanin turaku ya wuce ƙafa 23, na NFL kuwa 18 da rabi ne, shi ya sa ba ya ɓata lokaci da faɗin, ƙarfen yake sa wa ido. Kawu ya ce dama koci gwada shi yake yi.

Maganar ƙarfi ba ta ɗauki lokaci ba. Ya ja har yadi 50, wato ka shimfiɗa shaddar manyan kaya biyar a jere, ya buga ta wuce da sauran ƙarfinta. Uban ya ce in lura da tashinta ma, don a wasa akwai dogaye a gaba suna tsalle da hannuwa sama, in ƙwallo ba ta yi sama da wuri ba a ƙirjin wani za ta ƙare. Kuma nisa ya daina zama abin alfahari, tunda a Nuwamban 2025 Cam Little na Jacksonville ya ci daga yadi 68. Na gyaɗa kai kamar da ni aka buga.

Daga nan ranar ta fara lalacewa. Dattijo ya ce a wasa ba ƙarfe ke riƙe ƙwallo ba, mutum ne. Wani zai cillo ta ta tsakanin ƙafafunsa, yadi 7 zuwa 8, wani ya cafe ya kafa ta a ƙasa, ya juya ɗinkin ya fuskanci turaku, mai bugu ya buga, duka cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Koci zai riƙe."

Na durƙusa da gwiwa ɗaya, na ɗora manunina a kan tsinin ƙwallo. Sai a lokacin na ga cinyar yaron da kyau, na kuma ga takalmin da ya ɗaure tamau, da ɗan tazarar da ke tsakanin yatsana da inda ƙafar za ta sauka. Na karanta duk abin da ya zo bakina, na runtse ido. Iska kawai na ji ta wuce kunnena, hula ta faɗi. Na ƙirga yatsuna, biyar cif. Ƙwallo ta shiga.

Da na ga ban mutu ba, sai kocin ya motsa. Na ce ƙafa mun gani, saura zuciya, don fili babu kowa ba ya gwada namiji. Na sa Kawu da dattijo su yi masa irin abin da ake yi wa baƙi a filin Sani Abacha. Kawu ya cire girma ya ajiye, ya dinga ihu yana kaɗa murfin kula, yana kiran "Sai Masu Gida!" a tsakiyar Ohayo, ni kuma ina busa usur a kunnen yaron. Ko gezau. Duk wadda ya buga sai ta ratsa tsakiya.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta iso da ruwan sanyi. Ba ta ce uffan ba. Ta tsaya a bakin fili ta harɗe hannu. Kawu ya ji kunya ya ajiye murfi, ni na sauke usur, wuri ya yi tsit. Yaron ya saci kallonta, ya ja baya, ya taho. Daga yadi 30 kacal ƙwallo ta kwashe dama, ta haye waya, ta sauka a kan madubin gefen motar Kawu. Ƙarar fashewarsa har makarantar ta amsa.

Dattijo ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa shiru ya fi ihu kisa. Bayan Cody Parkey na Chicago ya daki turke da sanda daga yadi 43 a Janairun 2019, Philadelphia ta fitar da Chicago da maki ɗaya, ai cikin tsit Chicago ta riƙa gwada masu neman gurbinsa. Kawu bai saurari wannan tarihi ba. Shi dai ya rantse ya ga ɗinkin ƙwallo yana kallon yaron, kuma ya ga na zare yatsa tun ƙafa ba ta iso ba. Ni kuwa na ce uwar ce, kuma har gobe a kan haka nake. Idona a rufe yake, amma na san abin da na ji a jikina.

A mota Kawu bai ƙara kirana koci ba. Rahoton dai na rubuta na miƙa wa dattijo: ƙarfi akwai, madubi shaida ne, saiti akwai, amma ranar wasa a saya wa Hajiya tikitin can sama, bayan turaku, inda ba zai hango ta ba. Kuɗin madubi kuwa Kawu ya cire daga kuɗin tsarabata.