Baƙo Ya Ci Kasuwa, Amma Ban Da Akwati

Ku 'yan majalisar bakin tasha a Ringim, ku matso, yau da ku nake. Da Sadiq Khan, ɗan direban bas mutumin Pakistan, ya zama magajin garin Landan a 2016, har shayi kuka saya wa juna don murna. To ga tambaya: yaron da ubansa ya zo daga Maraɗi, uwarsa 'yar garin nan, a nan kuma aka yanke masa cibiya, in ya fito takarar kansila za ku dangwala masa? Na ga Alhaji ya fara gyara hula.

Na san amsarku tun kafin ku buɗe baki: "Malam, ba ƙinsa muke yi ba, amma baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Madalla. Sai dai wannan raɓar ta daɗe rana ba ta shanye ta ba. Tun da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa Ringim wajen 1930, wa ya cika bakin tasha in ba masu awon gyaɗa da 'yan dako da ma'aikatan jirgi daga uwa duniya ba? Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877 Ba'agale ne, Agalawa kuwa daga wajen ƙasar Buzaye kakanninsu suka gangaro. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa shi ne Aliko Ɗangote, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙi sayen siminti don ya binciko salsala ba.

Abin da na lura da shi ke nan: baƙo ya yi kuɗi, namu ne, har sarauta ma sai a naɗa masa. Ya nemi ƙuri'a, nan take kowa ya zama masanin tarihin kakanni. Doka kuwa ba ruwanta da wannan bincike. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ya wadatar in uwa ko uba, kai ko kaka ɗaya tak, ɗan ƙasa ne, muddin a Najeriya aka haife ka.

Kuma wannan wuƙa ta binciken asali ba ta san mai ita ba. A Janairun 1980 aka kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Laifinsa na gaskiya, a ganina, shi ne zama ɗan jam'iyyar GNPP a zamanin mulkin NPN. Kotu ta dawo da shi. A 2019 ma lauyoyin APC suka ce Atiku Abubakar, wanda ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa, ba haifaffen ɗan Najeriya ba ne, don mahaifarsa Jada tana ƙarƙashin Kamarun Ingila lokacin haihuwarsa. Shekara takwas ba wanda ya lura, sai da ya nemi babbar kujera!

Mutanen Inugu dai a shekarun 1950 suka ɗauki Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, suka yi shi magajin garinsu. Ku da kuke taƙama da karamci, za ku bari su yi muku fintinkau? Kafin wani ya ce zan sayar da gari, kowa ya je ya tambayi gwaggonsa daga ina aka kawo kakarsa. In faɗa ya tashi, ba ni zan raba ba.