Ni da Ƙwaron Hamadar Namib

Har yanzu yashi nake tofarwa, don haka bari in ba da labarin tun da zafinsa.

Zamana a Swakopmund ya yi nisa har na fara jin kaina ɗan gari. Jamusawa ne suka kafa garin a bakin tekun Namibiya a 1892, kuma duk wanda ya zo da shirin zafin hamada sai ya nemi rigar sanyi, saboda ruwan teku mai sanyi da ake kira Benguela yana yawan turo hazo da safe. Na gama kallon tsofaffin gine-gine, na ga tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu a Walvis Bay, saura tudun yashin da ake kira Dune 7. Na ce ai wannan sai da babbar riga da hula, don hoton ya yi kwarjini in an tura gida.

A hanya direbanmu ya ba mu labarin wani baƙin ƙwaro. Tun da ruwan sama bai cika sauka a Namib ba, da asuba sai ya hau kan tudu, ya kafa kai ƙasa, ya ɗaga ɗuwawu sama, hazo ya taru a bayansa ya gangaro masa baki. Duk motar babu wanda ya kai ni dariya.

Hawan ba sai na faɗa ba: ka yi taku uku, yashi ya ƙwace biyu. Ina kaiwa ƙololuwa na ware hannuwa don a ɗauke ni. Iskar teku ta shige rigar ta cika ta fam, na ja ciki in tsaya da kyau, sai na ji ɗas! Zariya ta tsinke. A daidai lokacin kuma hula ta tashi. Hannu ɗaya ne kusa, abu biyu na neman ceto, kuma jama'a, hular na kama.

Wando ya sauka ya ɗaure min ƙafafu. Na yi adungure na farko da sauran mutunci, na biyu rigar ta rufe min kai, daga nan na bar lissafi. Sama, yashi, sama, yashi. Wata tsohuwa Bajamushiya tana ta ƙwala min kira wai in kwantar da hankalina. Wani yaro kuma yana ihu, "Kafa dunduniya! Kafa dunduniya!" Dunduniyar da ke kallon rana, a ina zan kafa ta?

Na tsaya a tsakiyar gangaren: goshi a cikin yashi, gwiwoyi a ƙasa, riga a ka, saura kuwa ya fuskanci sararin samaniya. Hula dai tana hannuna, ban sake ta ba. Na yi lamo, ina tunanin ko in ban motsa ba za su ɗauka dutse ne su wuce.

Sai na ji takun mutum. Wani dattijo ne daga motarmu, wanda tun safe bai ce uffan ba. Ya tsuguna kusa da ni, ya kurɓi shayinsa, ya ƙare min kallo a tsanake.

Ya ce, "Malam, tsayuwar ta yi daidai. Amma ka ɗan juya wajen teku, daga can hazon yake zuwa."