Ni da Tumbin Ragon Baba

Ranar Babbar Sallah har azahar mahauci bai zo ba, sai kawai na ji bakina yana ce wa surukina, "Baba, ai fiɗa ba wani abu ba ne, a ba ni wuƙa." Iyakar sanina a fawa shi ne na sha tsayawa ina kallo. Ko farar shaddata ban tuɓe ba, hannun riga kawai na naɗe.

Ƙaton balami ne daga kasuwar Wudil. Na tsaga ƙafar baya, na kafa baki ina hurawa don fata ta saki nama. Na hura har jijiyoyin wuyana suka miƙe. Rago bai kumbura ba, ni na kumbura.

Wani tsoho maƙwabcin Baba yana kan benci da asuwaki a baki. Bai taɓa ko igiya ba. Lokaci-lokaci sai ya ce, "A dai bi a hankali."

Da ƙyar fata ta fita, duk huji kamar rariya. Aka rataye rago, saura buɗe ciki. Mahauta kan zura yatsu biyu su ɗage fatar cikin, wuƙa ta bi tsakaninsu, kaifinta na kallon waje. Wallahi na san haka. Amma mata na leƙe ta zaure, Baba ya matso dab da ni, sai na caka da ƙarfi irin na gwanaye.

Fuss!

Ƙarar ce ta fara zuwa, sannan ɗumi, sannan wari. Koren abu ya taso daga tumbi ya sauka a ƙirjina, ya gangara cikin aljihu, ragowar ta samu takalman Baba na Idi. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin yadda ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafunsa, ya ɗago ya dube ni, ya sake duban ƙafafun. Bai ce uffan ba. Da ma zagina ya yi. Ta zaure na jiyo dariyar da ake toshewa da mayafi, kuma na gane muryar, ta matata ce.

Sai tsohon nan ya zare asuwaki, ya tofar, ya gyara zama.

"Yaro," in ji shi, "ka kula da tumbin nan fa. Kada ka yarda ya fashe."